Tsawon Rai Bayan Dashen Ƙoda: Tambayoyi da Amsoshi ga Majinyata da Iyalansu a Katsina da Daura

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu ciwon ƙoda da 'yan'uwansu a Katsina da Daura, musamman a lokacin da likita ya ce ƙodojin sun gaza, aka fara wankin ƙoda, iyali kuma suka zauna shawarar ko za a yi dashe. An fara da waɗanda kowa ke yi tun ranar farko, aka ƙare da waɗanda ba sa tasowa sai an dawo gida daga asibiti. Bayani ne na gaba ɗaya, kuma likitan ƙoda da ke riƙe da fayil ɗin majinyaci shi ne mai magana ta ƙarshe a kan magani da gwaji.

1. Shekara nawa mutum yake yi a duniya bayan an yi masa dashen ƙoda?

Ajali na Allah ne, kuma babu likitan da zai iya yanke wa mutum adadin kwanakinsa. Abin da likitoci ke da shi shi ne lissafin dubban mutanen da aka yi wa dashe, aka kuma bi lafiyarsu shekara da shekaru. A Ingila da Amurka, inda ake rubuta kowane dashe a kundi, sama da mutum 95 cikin 100 suna raye bayan shekara ɗaya da aikin. Bayan shekara biyar, sama da 80 cikin 100 suna raye, kuma idan ƙodar daga mai rai ta fito adadin yakan haura 90.

Matashin da aka yi wa dashe yana ɗan shekara 25 ko 30, ba shi da ciwon suga ko ciwon zuciya, kuma bai yanke magani ba, yana iya yin shekara 30 ko fiye. Dattijo ɗan shekara 65 ba zai sami wannan adadin ba, domin tsufa da sauran cututtukansa suna nan ko da sabuwar ƙoda. Richard Herrick, mutumin farko da dashen ƙoda ya yi nasara a jikinsa, an yi masa aikin a birnin Boston na Amurka a watan Disamba na 1954 da ƙodar ɗan'uwansa tagwai, ya kuma rayu shekara takwas. Edith Helm, wadda aka yi wa nata a 1956 da ƙodar 'yar'uwarta tagwai, ta rayu har 2011.

2. Shin shekarun da ƙodar za ta yi su ne shekarun da suka rage wa mutumin?

A'a, kuma haɗa waɗannan biyun yana jefa iyalai cikin fargabar da ba ta da tushe. Idan likita ya ce ƙodar za ta kai shekara 15, wasu sai su ɗauka wa'adin majinyacin aka faɗa, alhali abin da ake nufi shi ne tsawon lokacin da za ta yi tana tace jini kafin ta gaji. A lissafin Amurka, ƙodar mai rai takan yi shekara 15 zuwa 20, ta mamaci kuma 8 zuwa 12. Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da adadi mafi tsawo: 20 zuwa 25 ga ta mai rai, 15 zuwa 20 ga ta mamaci. Duk waɗannan matsakaicin lissafi ne, wasu ƙodojin ba sa kaiwa, wasu kuma suna zarcewa nesa.

Idan ƙodar ta gaji, mutum yana komawa wanki ko a yi masa dashe na biyu, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 17. Akwai kuma akasin haka: mutane da yawa suna rasuwa ƙodar tana aiki sumul, wani ciwon ne daban ya zama sanadi, kuma wannan shi ne batun tambaya ta 7.

3. Tsakanin dashe da ci gaba da wankin ƙoda, wanne ya fi ba mutum tsawon rai?

Ga wanda jikinsa zai iya ɗaukar tiyata, dashe ya fi, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1999 ya kwatanta mutanen da ke jiran dashe suna kan wanki da waɗanda suka samu. An ƙiyasta wa masu jira shekara 10 a gaba, waɗanda aka yi wa dashe kuma shekara 20. Binciken ya nuna cewa haɗarin mutuwa ya fi yawa a makonnin farko bayan tiyata, sannan ya sauka ƙasa da na masu wanki bayan kimanin wata uku da rabi.

Dalilin a fili yake. Na'urar wanki tana aiki awa huɗu sau uku a mako, ƙoda kuwa ba ta hutawa dare da rana, kuma bayan tace jini tana daidaita hawan jini, tana sa ɓargo ya ƙera jini, tana kare ƙarfin ƙashi. A wajenmu tazarar ta fi haka faɗi, saboda majinyata kaɗan ne ke iya biyan wanki sau uku a mako. Da yawa sau ɗaya suke yi, wasu ma sai numfashi ya fara sarƙewa ake kai su.

4. Waɗannan alƙaluman na Turawa ne. Yaya abin yake a Najeriya?

Dashen ƙoda a Najeriya ya fara ne a 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa na farko a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. Wani nazari da ya tattara dashe 143 da aka yi a ƙasar tsakanin 2000 da 2010 ya gano cewa bayan shekara ɗaya kimanin 90 cikin 100 na majinyatan suna raye, ƙodoji 83 cikin 100 suna aiki. Bayan shekara biyar, kimanin 73 cikin 100 suna raye, ƙodojin da ke aiki kuma sun sauko kusan 59 cikin 100.

Waɗannan alƙaluman shekarun farko ne, ƙwarewa kuma ta ƙaru tun daga lokacin. Amma duk wanda ya dube su zai lura cewa ratar da ke tsakaninmu da Turai ƙarama ce a shekarar farko, sai a shekaru na gaba take buɗewa. Wannan yana nuna cewa matsalar ba ta tsaya a ɗakin tiyata ba. Tana gida, a watannin da kuɗin magani ya yanke, ko zazzaɓi ya kwana uku kafin a je asibiti, ko gwajin jini ya wuce lokacinsa saboda nisa. Tambayoyi na 9, 11 da 16 suna magana a kan waɗannan.

5. Me ya sa wani ke daɗewa, wani kuma ba ya daɗewa?

Wasu dalilan ba a hannun majinyaci suke ba: shekarunsa, ciwon da ya lalata ƙodojinsa na asali, da yanayin zuciyarsa kafin aikin. Mai ciwon suga da ya daɗe yana da haɗari fiye da wanda ƙodarsa ta lalace ta wata hanya, saboda suga ya riga ya taɓa jijiyoyin jini. Mai amosanin jini ma yana amfana da dashe, sai dai yana buƙatar kulawa ta musamman. Tsawon zaman wanki kafin dashe shi ma yana da tasiri: gwargwadon daɗewar mutum a kan na'ura, gwargwadon raguwar sakamako, kuma mafi kyawun sakamako na waɗanda aka yi wa dashe kafin su fara wanki ne ko jim kaɗan bayan farawa. Saboda haka jinkirin da iyali ke yi ana jiran a ga ko ƙodar za ta farfaɗo, bayan likita ya tabbatar ta gaza gaba ɗaya, jinkiri ne mai tsada.

Sauran dalilan kuwa a hannun mutum da danginsa suke: shan magani a kan lokaci, riƙe hawan jini da suga, barin taba, zuwa asibiti ranar da aka ɗiba, da saurin kai kai idan jiki ya canza.

6. Ƙodar ɗan'uwa na jini ta fi ta wanda ba dangi ba daɗewa?

Mafi daɗewa ita ce ta ɗan'uwa ko 'yar'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda alamomin tsokar jikinsa suka dace da na majinyaci baki ɗaya, kuma a lissafin gado ɗaya cikin huɗu na 'yan'uwa ne ke samun irin wannan dacewar. Amma ƙodar miji, ko mata, ko aboki mai ƙoshin lafiya ita ma tana yin kyau ƙwarai, har takan fi ta mamaci daɗewa. Kafin aiki ana duba rukunin jini, sannan a haɗa jinin mutanen biyu a ɗakin gwaji a ga ko na majinyaci zai far wa na mai bayarwa. Macen da ta haihu da yawa, ko wanda aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsu yakan ƙera makaman garkuwar jiki da ke wahalar da dacewa, shi ya sa likitocin ƙoda ba sa son ƙarin jini barkatai ga mai jiran dashe.

A Najeriya dashen ƙoda daga masu rai ake yin sa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓɓai bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jikin ɗan Adam. Bayan haramcin, ƙodar da aka saya a ɓoye tana zuwa da haɗarin gwajin da ba a kammala ba da cututtukan da aka ɓoye.

7. Idan ƙodar tana aiki, me ke zama sanadin rasuwar masu dashe?

Abu uku ne a gaba: ciwon zuciya da jijiyoyin jini, cututtuka masu kama jiki saboda raunin garkuwa, da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna sahun farko. A ƙasashe irin namu cututtukan ƙwayoyin cuta suna ɗaukar kaso mai girma, musamman a shekarar farko. Shekarun da mutum ya yi da ciwon ƙoda sun riga sun gajiyar da zuciyarsa, magungunan dashe kuma suna iya ɗaga hawan jini da kitsen jini, har su jawo ciwon suga ga wanda ba shi da shi a da. Saboda haka awon hawan jini a gida, da burin riƙe shi ƙasa da 130 bisa 80 idan likita bai faɗi wani adadi ba, yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara kwana.

Game da ciwon daji, duk wani baƙin tabo ko ƙullutu sabo a ƙafa ko cikin baki, ko kaluluwa da ta kumbura ta ƙi saɓewa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a nuna wa likita da wuri. Mata kuma su riƙa yin gwajin bakin mahaifa da na mama a kan lokaci.

8. Me ake nufi da jiki ya ƙi ƙoda, kuma ta yaya zan gane?

Garkuwar jiki tana kallon sabuwar ƙoda a matsayin baƙon da ya shigo gida ba sallama, kuma ba ta taɓa sabawa da shi, ko bayan shekara 20. Idan ta far wa ƙodar da sauri, galibi a watannin farko, ana iya ganin raguwar fitsari, kumburin ƙafa, ƙaruwar nauyi cikin kwana ɗaya ko biyu, zazzaɓi, ko ciwo a ƙasan ciki inda aka dasa ta. Irin wannan yana jin magani idan an kama shi da wuri, kuma samun sa sau ɗaya ba ya nufin an rasa ƙodar.

Abin da ya fi haɗari shi ne wanda ke tafiya a hankali, babu ciwo, babu zazzaɓi, mutum yana harkokinsa a kasuwa ko ofis ƙodar tana lalacewa. Gwajin jini na kiriyatinin, wato wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, da gwajin furotin a fitsari ne kaɗai ke tona shi, sannan a tabbatar ta hanyar tsakuro ɗan ɓarɓashin ƙodar da allura a duba. Duk mai dashe ya kamata ya haddace adadin kiriyatinin ɗinsa na yau da kullum, domin ya gane idan ya tashi.

9. Har yaushe zan sha maganin? Idan na ji sauƙi sosai, ko kuɗi ya yanke fa?

Muddin ƙodar tana aiki a jiki, maganin ba ya tsayawa. Magunguna ne masu rage ƙarfin garkuwar jiki domin kada ta far wa ƙodar, kuma yawanci guda uku ne: takrolimus, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Prograf, da maikofenolet irin su CellCept, da firednisolon. Ana fara su da yawa, likita ya rage a hankali, amma ba a daina su. Takrolimus na yau da kullum ana shan sa sau biyu a rana, tsakaninsu awa 12, kuma jin sauƙi alama ce ta cewa maganin yana aiki, ba alamar an warke daga buƙatarsa ba. Tsallake shi na kwanaki, ko raba ƙwaya biyu domin ta kai ƙarshen wata, yana cikin manyan dalilan rasa ƙoda bayan shekarar farko, kuma matasa sun fi faɗawa wannan.

A nan ne ya kamata iyalai su tsaya su yi lissafi na gaskiya. Mun saba ganin an yi gidauniya, 'yan'uwa da abokan arziki da masu hali sun haɗa miliyoyin tiyata, an sayar da gona ko fili, an yi aiki lafiya, an yi barka, kowa ya watse. Amma kuɗin maganin wata ɗaya yakan haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, farashinsa kuma yana bin canjin dala. Ra'ayina shi ne kada a sa ranar tiyata sai an san daga ina kuɗin magani da gwaji na aƙalla shekara biyu zai fito, an kuma raba nauyin wata-wata a tsakanin dangi, kowa ya san nasa. Ƙodar da ɗan'uwa ya bayar amana ce, kuma ba shi da wata da zai sake bayarwa.

Idan duk da haka kuɗi ya yanke, a kira likita tun magani bai ƙare ba. Akwai tsofaffin magunguna masu rahusa, irin su azatayofirin, da likita zai iya komawa gare su ga wasu majinyata. Canja kamfanin takrolimus ma sai da saninsa, domin a sake auna yawansa a jini.

10. Zan iya shan maganin kemis ko na gargajiya idan wani ciwo ya taso?

Ba tare da tambayar likita ba, a'a. Magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis, irin su ibufurofen, diklofenak da Feldene, har da gaurayen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda wa mai gajiya, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Panadol shi ne wanda aka fi aminta da shi. Wasu magungunan kuma suna rikita yawan takrolimus a jini: eritiromaisin, kilaritiromaisin da fulukonazol suna ɗaga shi har ya zama guba ga ƙodar, rifamfisin na tarin fuka kuma yana zubar da shi har jiki ya ƙi ƙodar. Garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci da Turawa ke kira grapefruit, da ruwansa ma suna ɗaga shi. Duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta magani, ko a ƙaramin asibitin unguwa ne, a fara gaya masa cewa an yi dashe.

Jiƙo, sassaƙe, tsimi, maganin basir, na ƙarfin maza da na mata, duk a bar su, domin ba a san adadin abin da ke cikinsu ba, balle yadda za su yi da maganin dashe. Haka man shafawa na bilicin, wanda wasunsa ke ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Masu zuwa dubiya da kyakkyawar niyya za su kawo irin waɗannan, kuma aikin mai jinya ne ya yi godiya ya ajiye su gefe.

11. Idan zazzaɓi ya kama ni, in jira in gani ko in tafi asibiti?

A tafi a ranar. Zafin jiki da ya kai digiri 38 ga mai dashe ba abin jira ba ne, domin maganin da ke kare ƙodar ya rage wa jiki ƙarfin faɗa, ciwon da wani zai yi kwana uku yana fama da shi a tsaye shi yana iya kayar da shi cikin yini ɗaya. Kada a ɗauka kowane zazzaɓi na cizon sauro ne: a yi gwajin jini da na fitsari, domin ciwon mafitsara yana da yawa bayan dashe. Tarin da ya wuce mako biyu, da gumin dare da rama, suna buƙatar gwajin tarin fuka, kuma maganinsa sai da hannun likitan ƙoda saboda dalilin da aka ambata a tambaya ta 10. Gudawa ma tana da haɗari biyu, tana busar da jiki kuma tana ɗaga takrolimus a jini.

A watannin farko ana ba da Septrin domin kare huhu, wasu kuma a ƙara musu maganin rigakafin tarin fuka ko na wasu ƙwayoyin bairos. Gidan sauro wajibi ne, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. A nisanci yaro mai ƙyanda ko ƙarambau.

12. Me zan ci, me zan sha, musamman a zafin bazara?

Takurar zamanin wanki tana raguwa sosai, mutum ya koma cin abinci kusan kamar kowa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina da Daura ke haura digiri 40, ƙoda ɗaya tilo ba ta jure ƙishirwa, don haka a sha ruwa mai tsabta isasshe, a guji aikin rana tsaka. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini idan an haɗa da na ɗanɗanon miya, kilishi da yaji. Nonon da ba a tafasa madararsa ba, tsire ko balangun da ya sha iska a kan tebur, da ganyen da ba a wanke da kyau ba, hanyoyin cuta ne. Firednisolon yana buɗe ciki, ƙiba kuma tana kawo suga, saboda haka a rage lemon kwalba, zoɓo mai sukari da shayi mai kauri. Dabino, ayaba da abinci mai kanwa sun danganta da sakamakon gwajin jinin mutum.

13. Zan iya yin azumin Ramadan da aikin Hajji?

A shekarar farko likitoci ba sa ba da shawarar azumi, haka ga wanda ƙodarsa ba ta daidaita ba ko mai ciwon suga da ke kan allura. Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma malamai sun yi bayanin ramuwa da ciyarwa. Bayan shekara, wanda gwajinsa ke da kyau yana iya yi da izinin likita, wanda zai tsara shan magani a lokacin sahur da na buɗa-baki, ko ya mayar da shi kan takrolimus na sau ɗaya a rana, ya kuma sa a yi gwaji kafin azumi da tsakiyarsa. Idan jiri, amai ko raguwar fitsari suka zo, a karya.

Hajji ma yana yiwuwa bayan shekarar farko. Allurar sanƙarau ba ta da matsala, amma ta zazzaɓin shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai dashe ita, sai dai likita ya ba da takardar uzuri. A riƙe magani a jakar hannu, fiye da adadin kwanakin tafiya.

14. Aure da haihuwa fa?

Sha'awa da haihuwa sukan dawo bayan dashe, ga maza da mata. Edith Helm da aka ambata a tambaya ta 1 ta haihu a 1958, kuma mata dubbai sun biyo bayanta. Ana shawartar mace ta jira aƙalla shekara ɗaya, ƙodar ta daidaita, hawan jini ya kwanta. Maikofenolet yana jawo ɓari da nakasar jariri, don haka dole a canja shi makonni kafin ɗaukar ciki, ba bayan an gano cikin ba, kuma tazarar haihuwa kafin lokacin kariya ce ga uwa da ɗa. Irin wannan cikin yana da haɗarin hawan jini, jijjiga da haihuwar bakwaini, saboda haka awo da haihuwa a babban asibiti za a yi su.

15. Wanda ya ba da ƙodarsa, ransa zai gajarta?

Binciken da aka yi a kan masu bayarwa da aka tantance da kyau ya nuna suna rayuwa kamar sauran mutane masu lafiya. Haɗarin mutuwa a tiyatar an daɗe ana ƙiyasta shi a kusan 3 cikin 10,000. Ƙodar da ta rage tana ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin biyun. Akwai ɗan ƙarin haɗarin hawan jini da na gazawar ƙoda a gaba, ko da yake a cikin shekara 15 bai kai 1 cikin 100 ba a manyan binciken. Haɗarin ya fi yawa ga baƙar fata, wani ɓangare saboda wata ƙwayar gado mai suna APOL1 da ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma wannan dalili ne na tsananta tantance matashin da ciwon ƙoda ke bin gidansu.

Mai bayarwa yana buƙatar awon hawan jini da gwajin jini da fitsari sau ɗaya a shekara har ƙarshen rayuwarsa. Kuma bai halatta a matsa wa ƙane, ko mata, ko ɗan riƙo da kunya ko gori ba. Yana da haƙƙin ya janye ko da ranar tiyata ce.

16. An yi mini aikin a Kano, Abuja ko ƙasar waje. Ta yaya zan ci gaba da ganin likita daga Katsina ko Daura?

A watan farko ana gwaji sau biyu ko uku a mako, shi ya sa ake so majinyaci ya zauna kusa da inda aka yi aikin. Daga nan tazarar tana ƙaruwa zuwa mako-mako, wata-wata, har ta kai duk wata uku ko huɗu. Gwaje-gwajen yau da kullum ana iya yin su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko wani babban asibiti, amma awon takrolimus ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, sau da yawa sai an aika jinin wani gari. Ana ɗibar jinin ne da safe kafin a sha ƙwayar safe, awa 12 bayan ta dare. Wanda ya sha magani ya hau mota zuwa Kano ya ɓata gwajin.

Wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ya dawo da cikakken rahoto a rubuce: bayanin mai bayarwa, magungunan da aka ba shi a ɗakin tiyata, da ko an bar siririn bututu a hanyar fitsari, domin ana cire shi bayan makonni kaɗan, kuma mantawa da shi yana jawo ciwo. Tun kafin tafiya a sami likitan ƙoda a gida da ya yarda zai karɓi jinyar.

17. Idan ƙodar ta daina aiki, shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Galibi gajiyar tana zuwa a hankali cikin watanni ko shekaru, gwaji yana nuna ta, kuma akwai lokacin shiri. Likita zai tsara haɗa jijiyar hannu domin wanki tun kafin a buƙace ta, wanda ya fi bututun wuya aminci, ya kuma fara neman wani mai bayarwa. Dashe na biyu abu ne da aka saba yi, akwai ma masu na uku, sai dai dacewa takan fi wuya saboda jiki ya riga ya ƙera makamai a kan ƙodar farko, musamman idan yanke magani ne ya kashe ta.

Watannin farko bayan komawa wanki suna da haɗari, domin garkuwar jiki tana ƙasa, ga kuma damuwa da ke sa wasu su daina zuwa asibiti. Kada majinyaci ya tsayar da maganin dashe da kansa a wannan lokacin: likita ne zai rage shi daki-daki, wani lokaci ma ya bar kaɗan idan ana sa ran dashe na biyu nan kusa. Tsohuwar ƙodar ba a cika cire ta ba, sai idan tana ciwo, ko tana jawo zazzaɓi ko fitsarin jini.